ALHAJI SA ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA: MUSULMIN DA YA RIƘE ƘASAR KOWA DA KOWA

Gabatarwa

    

Da kwamitin mujalla ya nemi in rubuta wani abu a fannin tarihi, sai na zaɓi wata tambaya da ke yawan tasowa a wuraren hirarmu, a ofis ko a majalisar yamma. Shin mutum zai iya zama Musulmi na ƙwarai, kuma ya shugabanci gwamnatin da ba ta ɗauki Musulunci a matsayin addinin hukuma ba? Wasu na cewa duk wanda ya yarda ya riƙe irin wannan gwamnati, to imaninsa da sauran gyara. Wasu kuma na cewa shugaban ƙasa mai addinai da yawa dole ne ya tuɓe addininsa a bakin ƙofa kamar takalmi kafin ya shiga ofis. Ni a nawa ganin, tarihin Firayim Ministan Nijeriya na farko, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya isa amsa ga ɓangarorin biyu, kuma abin da nake so mu duba ke nan tare.

Kalmar da ke rikita zance

Kalmar da ake cacar baki a kanta ita ce "sekula", wadda aka saba fassarawa da "gwamnatin da ba ruwanta da addini". Wannan fassara ita ta fara ɓata zance, domin Bahaushe in ya ji an ce mutum ba ruwansa da addini, to ya gama yanke masa hukunci. Alhali kuwa kalmar ba ma'ana ɗaya gare ta ba a duniya. A Turkiyya, Mustafa Kamal Ataturk ya rushe halifanci a 1924, a 1928 aka cire Musulunci daga tsarin mulki a matsayin addinin ƙasa, aka kuma maye haruffan Larabci da na boko. Wato can gwamnati ce ta sa hannu ta matse addini. A Pakistan kuwa, Muhammad Ali Jinnah, wanda ya yi fafutukar samar wa Musulmin Indiya ƙasa tasu, ya shaida wa majalisar tsara tsarin mulki ranar 11 ga Agusta 1947 cewa kowa yana da 'yancin zuwa wurin ibadarsa, kuma addinin mutum bai shafi matsayinsa na ɗan ƙasa ba. Har yau mutanen Pakistan na jayayya a kan abin da yake nufi. Ita kuma Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905, ta gadar wa ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka wannan tsari.

Nijeriya hanyarta daban. Tsarin mulkin 1960 bai naɗa wani addini ba, amma ya tabbatar wa kowa 'yancin yin addininsa, bisa shawarar Hukumar Willink, wadda Turawa suka kafa a 1957 don sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu. Daga baya, sashe na 10 na tsarin mulkin 1979, wanda aka maimaita a na 1999, ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma ba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai hana hutun Sallah ko na Kirsimeti ba, bai rufe kotunan alƙalai ba, bai kuma ce shugaba ya daina salla ba. Tushen wannan tsari a hannun Abubakar aka aza shi.

Asalinsa da tarbiyyarsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin lardin Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, yana dai aiki ne a gidan hakimin Lere. Sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Kamar yawancinmu, da allo ya fara kafin boko. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta, sannan ya tafi Landan ƙarin ilmin koyarwa daga 1945 zuwa 1946. Malamanmu da ke karanta wannan mujalla sai su lura, mutumin da ya karɓi tutar 'yancin Nijeriya abokin aikinsu ne, ɗan alli da allo.

A Bauchi ya yi zaman tattaunawa da su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a kan halin da talakawa ke ciki. Duk da cewa daga baya siyasa ta raba hanyarsu, abin da aka shuka a wannan zama bai mutu ba. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, ya yi magana a kan cin hanci da yadda ake mulkin talaka ba tare da jin ta bakinsa ba. A zamanin da ko kallon sarki ido cikin ido abin tsoro ne, ɗan talaka ya faɗi haka a gaban manya ba ƙaramar jarunta ba ce.

Shaihu Umar: madubin zuciyar marubucinsa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa sai in ce wanda ke son sanin addinin Abubakar ya tambayi littafinsa. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin bai wuce shekara 21 ba.

Da yawa daga cikinmu mun karanta shi a aji, amma don cin jarrabawa. Labarin wani malami ne da ke zaune a Rauta kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Tun yana yaro aka sace shi, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe ya ƙetara Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗansa, ya yi karatu har ya zama shaihi. Mahaifiyarsa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta sha wahalar da ba ta faɗuwa, kuma suna haɗuwa ba da daɗewa ba ta cika. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka yi wannan zalunci a labarin yawancinsu masu salla ne, kuma marubucin bai rufa masu asiri ba. Jarumin littafin bai ci kowa da yaƙi ba. Haƙuri, da ilmi, da dogaro ga Allah su ne makamansa. Saurayin da ya zaɓi irin wannan mutum ya zama gwarzonsa ya riga ya gaya mana abin da ya ɗauka addini: gyaran hali, da tausayin mai rauni, da ƙin zalunci ko daga hannun wa ya fito. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A kan kujerar mulki

Abubakar ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Ministan Sufuri a 1954, sannan Firayim Minista a 1957. Kafin samun 'yanci ya riga ya sauke farali, don haka duniya ta san shi da Alhaji. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Da babbar riga da hula ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a majalisar, haka kuma ya je wurin Shugaba Kennedy a Amurka a 1961. Ba ya shan giya. In ya sami hutu Bauchi yake komawa gonarsa, kuma da yawa mun ga hoton nan nasa yana zaune a kan tabarma da 'ya'yansa suna shan rake.

To, amma mu dubi waɗanda ya danƙa wa manyan amanoni. Baitulmalin ƙasa yana hannun Cif Festus Okotie-Eboh. Harkokin waje daga 1961 zuwa 1965 suna hannun Jaja Wachuku. A 1964 Louis Edet ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci 'yan sanda, a 1965 kuma aka naɗa Janar Aguiyi-Ironsi shugaban sojoji. Duk waɗannan Kiristoci ne 'yan Kudu, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da su Alhaji Muhammadu Ribaɗu da Alhaji Inuwa Wada da Alhaji Shehu Shagari da Alhaji Maitama Sule. Bugu da ƙari, a jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba 1960, cikin waɗanda ya gode wa har da Turawan mishan, saboda makarantu da asibitocin da suka gina. Alhaji ne ke wannan godiya a bainar jama'a, domin ya san akwai miliyoyin 'yan ƙasarsa da ta wannan hanya suka sami ilmi da magani.

Babban gwajin da ya fuskanta shi ne batun Isra'ila. A 1960 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar rance da taimakon ƙwararru da ƙasar, alhali Jihar Yamma da Jihar Gabas sun riga sun yi nisa da hulɗa da ita. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda shi ne shugaban jam'iyyar N.P.C., Abubakar kuma mataimakinsa, ya fito fili ya ce Jihar Arewa ba ta ciki. Abubakar ya bi tsakiya. Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko, amma Nijeriya ba ta buɗe nata a can ba, kuma ba a tilasta wa Arewa karɓar ko kwabo ba. Mai karatu yana iya ƙin wannan mataki, musamman in ya dubi halin da Falasɗinawa suka shiga daga baya. Sai dai ya kamata a gane dalilinsa. Sardauna Firimiyan jiha ɗaya ne wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, shi ya sa ya iya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, ya kuma fita yawon musuluntarwa. Abubakar kuwa amanar jihohi duka ce a wuyansa. Kuma ba tsoron Turawa ne ya sa shi ba, domin shi ne ya kori jakadan Faransa a watan Janairu na 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya, yana kuma cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a shekarar.

Ko a Arewar ma an yi irin wannan sassauci. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka sami kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960, wanda ya hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba, aka bar aure da gado da makamantansu a hannun alƙalai, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Wato mutanen wancan zamani, masu carbi a hannu, su suka zauna suka nemo yadda za a zauna tare.

Mu leƙa tsallaken iyaka

Mu mutanen ƙasar Bagudo muna da wata dama da wasu ba su da ita, domin abin da wasu ke karantawa a littafi mu muna ganinsa a kasuwa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Shi ya sa har yau mutumin Lolo ko Tsamiya ko Ka'oje yake da dangi a Segbana ko Malanbil, ana aure, ana zumunci, ana cin kasuwa ɗaya, amma tsarin mulki biyu.

Shugaban farko na Dahome, wadda ta koma Jumhuriyar Benin a 1975, shi ne Hubert Maga, haifaffen Paraku a 1916. A gidan Musulmi ya tashi, ya koma Kiristan Katolika yana saurayi, amma duk da haka mutanen arewacin ƙasar, waɗanda da yawansu Musulmi ne, su ne ƙashin bayan siyasarsa har ya karɓi 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960. Can arewa da mu kuma, ta wajen Kamba da Gaya, Alhaji Diori Hamani ya karɓi 'yancin Nijar ranar 3 ga Agusta 1960, ya mulki ƙasar da kusan kowa Musulmi ne da tsarin mulki irin na Faransa, wanda ya raba addini da gwamnati a rubuce. Abin sha'awa, shi da Maga makaranta ɗaya suka yi, ta William Ponty a Senegal, kuma su ukun, har da Abubakar, duk malaman makaranta ne. Soja suka tumɓuke Maga a 1963, suka tumɓuke Diori a 1974.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, a cikin ukun nan Abubakar ne tsarin mulkinsa bai yi shelar raba addini da gwamnati ba, amma kuma shi ne ya fi fuskantar ƙasar da addinai biyu suka yi kusan kunnen doki. Abin da takarda ta ɗaure maƙwabtanmu da shi, shi halinsa ne ya ɗaure shi. Sannan 'yan'uwanmu na tsallake, da suka shafe fiye da shekara 60 ƙarƙashin wancan tsari, ba mu ga sun bar salla ko azumi ba.

Inda ake sukarsa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma tarihin da ya zama yabo zalla ba shi da amfani. Ana sukar Abubakar da cewa a 1962 ya yi saurin kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, abin da ya raunana jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo, wanda aka ɗaure a 1963. Amma da wutar rikici ta tashi a jihar bayan zaɓen Oktoba na 1965, ana ƙone gidaje da mutane, sai ya yi ta jinkiri, domin Firimiya Samuel Akintola abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne. Akwai kuma rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da tura soja ƙasar Tibi a 1964. Haƙurin da ya zama ado ga Shaihu Umar, a hannun mai mulki wani lokaci yakan koma sakaci, kuma rayuka sun salwanta.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Waɗannan kurakurai na siyasar jam'iyya ne. Akintola da ya goya wa baya Kirista ne, abokin karawar Akintola a zaɓen 1965 kuwa Musulmi ne, Alhaji Dauda Adegbenro. A Arewa ma babban ɗan adawarsa shi ne tsohon abokinsa Malam Aminu Kano na NEPU. Ko masu sukarsa ba su tuhume shi da cewa ya auna 'yan ƙasa da ma'aunin masallaci da coci ba, ba su kuma tuhume shi da cin dukiyar jama'a ba.

Rasuwarsa

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko kan rikicin Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan watsewar taron, a daren 15 ga wata, cikin goman ƙarshe na watan Ramalan, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Badun, aka kuma ɗauke Okotie-Eboh, wanda shi ma aka kashe. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawar Abubakar a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura ana gab da ƙaramar Sallah. Yana da shekara 53. Mutumin da ya yi fiye da shekara 8 yana Firayim Minista bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kammalawa

'Yan'uwa, yawancinmu yanzu muna riƙe da wata 'yar amana: wani a sakatariya a Birnin Kebbi, wani a ƙaramar hukuma, wani a asibiti, wani a aji, wani a bakin iyaka da kakin kwastan. Ni ma ma'aikacin gwamnati ne, kuma na san inda wannan tambaya take zuwa mana a zahiri. Ba a zauren muhawara take zuwa ba, a kan tebur take zuwa, ranar da fayil biyu na ƙarin girma suka iso, ɗaya na ɗan garinku da kuke sahu ɗaya a masallaci, ɗaya na mutumin Zuru da ke zuwa coci ranar Lahadi, kuma na biyun ya fi cancanta. A wannan rana ake gane ko sallar mutum ta shiga jikinsa. Addininmu ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, da yin adalci ko ga wanda ba mu so, balle abokin zaman da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi a makaranta. Abubakar bai ajiye addininsa don ya yi wa kowa adalci ba, addinin ne ya hana shi yin son kai da kujerar da ta kowa ce.

Daga ƙarshe ina ba ƙungiyarmu shawara, a taronmu na gaba mu yi karo-karo mu sayi kwafin Shaihu Umar masu yawa mu sa a laburaren makarantarmu, mu kuma roƙi malaman tarihi su riƙa haɗa labarin littafin da labarin mai littafin, domin ƙannenmu su san mutumin da hotonsa ke jikin takardar naira 5. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya ƙara haɗa kawunanmu. Wassalam.